Haƙori yana ciwo, sanyi ya sauko, hidimar ikilisiya ta yi yawa: in daure har Janairu?

Maman_Rahila:
Salama gare ku 'yan'uwa. Shawara nake nema. Yau kwana tara ke nan turmina na ƙasa, ɓangaren hagu, yana damuna. Da farko sai na sha ruwan sanyi ko na buɗe baki a iskar asuba yake sarana kamar an soka allura, nan da nan kuma ya lafa. Tun shekaranjiya ya koma zogi da dare, ba ya barina in runtsa. A Bukuru nake, kun san yadda garin nan yake idan Nuwamba ya raba tsakiya.

Abin da ya ɗaure ni shi ne, ni ce sakatariyar Zumuntar Mata a majami'armu. Lahadi mai zuwa godiyar kaka ce, ni ke rubuta abin da kowane gida ya kawo. Mako na gaba taron Zumunta na gunduma, kwana uku. Muna dawowa sai auren ɗiyar uwar zumuntarmu. Ga koyon waƙar Kirsimeti sau uku a mako, ga ziyarar gwauraye da marayu, ga sujadar ƙetare shekara. Maigida ya ce in je asibiti gobe. Ni kuma tsorona kar a cire shi kumatu ya kumbura in kasa komai. Wata 'yar'uwa ta ce min sanyi ne kawai, hunturu na wucewa zai daina. Wa ya taɓa shiga irin wannan? In yi ta shan magani har Janairu, ko yaya?

Ladi_Kagoro:
Yaya, don Allah ki bi maganar maigidanki. Irin lissafin nan na yi shekara biyu da suka wuce. Na ce bari a gama godiyar kaka, aka gama. Na ce bari a gama gasar waƙa, aka gama. Ranar 24 ga Disamba na tashi idona na dama ya kusa rufewa don kumburi. Ranar 25 da 26 hutu ne, ɓangaren haƙori ba kowa, sai wajen masu gaggawa muka je. A kwance na yi Kirsimeti, ko kunu da ƙyar yake wucewa. Waƙar da na yi wata biyu ina koya, daga ɗaki na ji ana rera ta.

Dattijo_Mangu:
'Yata sannu. Ni ina ganin akwai gaskiya a maganar 'yar'uwar nan da ta ce miki sanyi ne. Mu nan Mangu duk shekara idan jaura ta fara kaɗawa, tsofaffi da yawa sai ka ji suna kukan haƙori, damina na zuwa shiru. Ki daka kanumfari ki cusa a wurin, ki riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri safe da yamma, ki ɗaura ɗankwali ya rufe kunne da muƙamuƙi in za ki fita sujadar asuba. Na haura sittin, asuwaki nake yi tun ina yaro, haƙori ɗaya kawai na rasa.

Nas_Saratu:
Baba Dattijo ina gaisuwa, a yi min haƙuri zan ɗan gyara. A ɓangaren haƙori nake aiki, kuma wannan maganar ta sanyi kullum muna jin ta daga Nuwamba zuwa Fabrairu.

Sanyi ba ya haƙa rami a haƙori. Abin da yake yi shi ne tona asirin ramin da ke nan tun da. Haƙori yana da ɓawo mai ƙarfi a waje, a ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai ƙananan ƙofofi da suka nufi jijiyar da ke tsakiya. Idan ɓawon ya zaizaye, ko dasashi ya janye ya bar gindin haƙori a fili, ko kogo ya fara, iska mai sanyi ko ruwan randa na taɓa wurin sai jijiya ta amsa. Wannan shi ne sarar da ke zuwa ta wuce cikin daƙiƙoƙi. Irin wannan kam man goge baki na masu jin sanyin haƙori yakan taimaka, ko ɗan ciko.

Amma Maman Rahila, ki duba abin da kika rubuta da kanki. Kin ce ya daina jiran ruwan sanyi, yanzu shi da kansa yake zogi, da dare, har yana hana ki barci. Wannan alama ce cewa ciwon ya kai ga jijiya. Daga nan ba ya komawa baya don an shiga bazara. Wani lokaci ma zai yi shiru kwana biyu ki ce kin warke, alhali jijiyar ce ta mutu, sai mugunya ta taru a ƙarƙashin saiwa, abin da ya sami Ladi ke nan. Kanumfari yana kashe zafi na ɗan lokaci, gaskiya ne, akwai wani mai a cikinsa da mu ma ake amfani da shi a wasu kayan aikinmu. Ruwan gishiri ma ba laifi. Amma babu wanda zai toshe kogo a cikinsu.

Kuma ba kowane haƙori ake cirewa ba. Sai an duba, a ɗauki hoto. Akwai wanda ake kwashe jijiyar a wanke ramin a cike, haƙorin ya zauna a wurinsa.

Dattijo_Mangu:
To 'yata Nas, na ji. Ku ne a kan aikin. Amma dai ɗankwalin nan ta ɗaura.

Nas_Saratu:
Wannan kam Baba, ta ɗaura.

Bitrus_Mai_Jita:
Ni ba a kan haƙorin zan yi magana ba, a kan jerin da Mama ta lissafo ne. Ku sake karanta shi. Mutum ɗaya, mako shida, babu Asabar ɗaya da take tata. Haka muke mu ma a ƙungiyar mawaƙa. Daga Oktoba zuwa 1 ga Janairu ba mu da yamma ko ɗaya: makon matasa, makon Zumuntar Maza, falkaswa, godiyar kaka, aure kusan kowace Asabar, sai koyon waƙa. Kowace ƙungiya tana son ta yi nata kafin shekara ta ƙare, kuma mutanen da ke ɗaukar nauyin su ɗin ne dai, ba sa canjawa. Ina ƙaunar aikin nan, ba don haka ba da na bari tuntuni. Amma idan mace mai ciwo tana tambayar ko ta halatta ta je asibiti, to akwai abin da ya kamata dattawa su zauna su duba.

Ma'aji_Yohanna:
Ɗan'uwa Bitrus, ba son wahalar da mutane ba ne ya sa ake tara abubuwa a wannan lokaci. Yawancin membobinmu manoma ne. Daga Mayu zuwa Satumba suna gona, ka kira taron kwana uku a Yuli ka ga wa zai zo. Sai an girbe masara, an yanke acca, dawa ta nuna, sannan mutum yake da abin kawowa da kuma sukunin zama. Hanya ma sai ruwa ya ɗauke take biyuwa zuwa wasu ƙauyuka. Aure kuwa, iyaye suna jiran kaka don su sami abin hidima, 'yan'uwa na birni kuma sai hutun ƙarshen shekara suke zuwa. Abin da ake samu a gwanjon godiyar kaka da shi muke gyara rufi, mu cika albashin ma'aikata, mu taimaki masu bishara a ƙauye. Ka ɗauke shi ka kai wane wata?

Bitrus_Mai_Jita:
Ban ce a ɗauke godiyar kaka ba Baba Ma'aji. Ita kam lokacinta ke nan. Amma makon matasa me ya haɗa shi da girbi? Me zai hana a kai shi hutun Ista ko Agusta? Mu na cikin gari fa ma'aikata ne da 'yan kasuwa da ɗalibai, muna bin tsarin da aka yi wa manoma.

Uwar_Zumunta_Kafanchan:
Maman Rahila, ni tambaya ɗaya zan yi miki. Ba ki da mataimakiya? Kowace sakatariya an zaɓe ta da mataimakiya. Ki ba ta littafin da biro ranar Lahadi. Buhun masara da ƙwaryar acca da kaza ba su san hannun wa ya rubuta su ba. Mu mata muna da wannan hali, mu riƙe komai a hannu har mu faɗi, sannan a zo ana cewa ai da ta faɗa. Na yi shekara takwas ina jagorancin mata, abin da na fi nadama shi ne ban koya wa na bayana aiki da wuri ba.

Maman_Rahila:
Mama ina da ita. Yarinya ce, bana aka zaɓe ta, ina jin tsoron kar ta rikice da lissafi a gaban dattawa.

Uwar_Zumunta_Kafanchan:
Ke ma ranar da kika fara ai yarinya ce. Ki zauna da ita ranar Asabar ki ja mata layi a littafin: sunan gida, abin da aka kawo, yawansa. Shi ke nan.

Fasto_Ishaya:
Salamar Ubangiji. Na karanta duka, kuma maganar Bitrus ta taɓa ni, domin ni ma ina cikin masu zama a tsara kalandar shekara. Gaskiya ce, muna karɓar buƙatar kowace ƙungiya mu jera, ba ma tsayawa mu ƙirga mutum nawa ne sunansu ya fito a wuri uku ko huɗu. A Markus sura 6, lokacin da almajirai suka dawo daga aiki, jama'a ta yi yawa har ba su da zarafin cin abinci, Ubangiji da kansa ya ce su keɓe su ɗan huta. Bai ce su daure ba. 'Yar'uwa Maman Rahila, zuwa asibiti ba ƙarancin bangaskiya ba ne, ba kuma gudun aiki ba ne. Waɗanda suka kawo bishara Garkida a 1923 ba majami'a kaɗai suka kafa ba, har da makaranta da wurin magani. Haka aka yi a Vom, haka a Wusasa. Za mu yi miki addu'a, ke kuma ki je a duba ki. Idan kina jin nauyin faɗa wa fastonki, maigidanki ya faɗa masa.

Hannatu_Minnesota:
Ina karantawa ina kewar gida. Mu nan Amurka dusar ƙanƙara ta riga ta sauka sau ɗaya. Tun da aka mayar da agogo baya a Lahadin farko ta Nuwamba, kafin biyar na yamma duhu ya yi. Shekarata ta farko na yi zaton na san sanyi tun da a Pankshin na girma, sai da na tsaya jiran bas a Janairu na ji iska tana shiga haƙorana har ƙwaƙwalwa. Wata tsohuwa a majami'armu ce ta ce in riƙa rufe baki da mayafin wuya, in yi numfashi ta hanci. Ya taimaka, amma da na je aka duba sai ga kogo biyu.

Nan ma wannan lokacin haka yake da cunkoso. Makarantar Lahadi tana buɗewa a Satumba, a yi ta tara abinci da rigunan sanyi don marasa hali, sai bikin godiyarsu ranar Alhamis ta huɗu a Nuwamba, daga nan Lahadi huɗu na shirin Kirsimeti. Bambancin da na gani, takarda ake ajiyewa a bakin ƙofa kowa ya rubuta sunansa a aikin da zai iya, in ba ka iya ba babu mai jin haushinka. Kuma likitocin haƙori a Disamba cike suke, domin inshorar mutane da yawa tana da iyakar kuɗin da take biya a shekara, in ba ka yi amfani da shi ba ya wuce, Janairu sabon lissafi. Kowa sai ya ruga a ƙarshe.

Danjuma_Bokkos:
Anti Hannatu sannu da ƙanƙara. Amma kar ki raina namu. Jiya da asuba na je ban ruwan dankali, yatsuna suka ƙage na kasa riƙe tiyo. Jos tana sama da mita 1,200, mu nan Bokkos mun fi ta tudu. Kuma ku kuna da abin ɗumama ɗaki, mu sai bargo da kurfoti.

Nas_Saratu:
Danjuma, tun da ka ambaci kurfoti bari in roƙi kowa. Kada a kwana da garwashi a ɗaki a rufe. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci za ta ɗauke shi. Alamar farko ciwon kai da jiri da kasala. A ji ɗumi a tsakar gida ko a bar taga a buɗe, a fitar da wutar kafin a kwanta. Haka janareta, kar a sa shi a baranda kusa da taga. Musamman a wurin taron kwana, inda mata hamsin za su kwana a aji ɗaya a toshe ko'ina saboda sanyi. Mama Uwar Zumunta, don Allah a sanar da wannan a tarukan gunduma.

Uwar_Zumunta_Kafanchan:
Na rubuta. Zan faɗa da bakina a daren farko.

Malam_Sani_Tudunwada:
Assalamu alaikum. Ni Musulmi ne, maƙwabcina ne ya sa ni a wannan zaure tun lokacin rashin lafiyar mahaifinsa, ban fita ba don ina ƙaruwa. Maman Rahila Allah ya ba ki lafiya. Mu ma haka muke yi da azumi, mutum ya ce bari sai bayan salla, ƙarshe ya yi salla da kumburarren kumatu. Abin da zan ƙara kan maganar Baba Dattijo, asuwaki yana da kyau ƙwarai, mu addini ma ya kwaɗaitar da mu a kansa. Amma akwai masu dirzawa da ƙarfi kamar suna wanke tukunya, har dasashi ya janye. Ni haka ta same ni, likita ya ce in sassauta hannu. Sannan ina tuna wa maƙwabta, cincin ɗin bara yaran gidana har yau suna maganarsa.

Maman_Rahila:
Amin Malam, na gode. Cincin kam in Allah ya kai mu za a yi.

Talatu_Zonkwa:
Ni abin da ya hana ni zuwa ba lokaci ba ne, kuɗi ne, mu faɗi gaskiya. A wata biyun nan akwai kuɗin ankon Zumunta, akwai na ankon aure, akwai gudunmawar godiyar kaka, akwai adashin watandar saniya, kayan Kirsimeti na yara huɗu, Janairu na shiga kuma kuɗin makaranta. Ina za a ga na haƙori? Bara na je wani wuri mai zaman kansa, kuɗin da suka faɗa min na kashe jijiya ya fi abin da nake samu a wata. Na ce a cire kawai. Yanzu ga giɓi, ɓangare ɗaya nake tauna.

Ma'aji_Yohanna:
Talatu, wannan magana ce mai nauyi. Anko dai ba dole ba ne, ko da yake na san yadda mace take ji idan ita kaɗai ce ba ta sa ba. A majami'armu akwai asusun taimakon marasa lafiya, amma sai an kwantar da mutum ake tunawa da shi. Ban taɓa ganin an fitar da ko sisi don haƙori ba, kuma ban taɓa ganin wanda ya nema ba. Zan ɗaga maganar a zaman dattawa.

Nas_Saratu:
Talatu sannu. Abin da ya sa nake ta cewa a zo da wuri ke nan. Kogo yana ƙarami ciko ne kawai, zama ɗaya, kuɗi kaɗan. In ya kai jijiya aiki ya ninka, zuwa biyu ko uku. Asibitocin gwamnati sun fi sauƙi, ga wanda ke Jos akwai sashen haƙori a JUTH, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, sai dai a yi sammako saboda layi. Wanda ke da inshorar lafiya ta wurin aiki ya tambaya abin da ta ƙunsa kafin ya biya.

Abubuwan da nake roƙo a daina: ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi, tana ƙona naman wurin. Ruwan batir, fetur, man birki, duk na ga waɗanda suka sa, suka zo da baki a saɓule. Sai sayen kafso a kemis a sha kwana biyu a bari. Kafso ba ya cire tushen ciwon, kumburin zai sauka ya dawo. Farasitamol daidai ƙa'ida kafin a isa asibiti ba laifi. Amma duk wanda kumburi ya sauko masa ƙarƙashin haɓa ko ya hau wajen ido, ko yana zazzaɓi, ko ya kasa buɗe baki ko haɗiya, wannan ba ya jiran gari ya waye.

Ayuba_Maradi:
Gaisuwa daga Nijar. Mu ma ɗari ya fara, da hazo. Mu nan hutunmu yana farawa da bikin Jamhuriya ranar 18 ga Disamba, sai Nowel, sai sabuwar shekara. Mu Kirista kaɗan ne, shi ya sa abin da Bitrus ya faɗa ya fi tsanani a wurinmu: mutum ɗaya shi ne mai waƙa, shi ne malamin yara, shi ne mai ajiyar kuɗi. Game da haƙori, mutanen ƙauye sai sun shigo birni, saboda haka da yawa wurin mai cire haƙori na kasuwa suke zuwa. Kawuna ya je, aka karya haƙorin aka bar saiwar a ciki, ya yi wata yana wahala kafin muka kawo shi Maradi aka fitar. Kuma ƙarfen da aka sa a bakin wani shi za a sa a naka. Maman Rahila, ke da kike kusa da masu aikin, kar ki yi wasa da wannan dama.

Nanbol_Langtang:
Tambaya a gefe don Allah Anti Nas. Mu mutanen Langtang da yawa haƙoranmu suna da launin ƙasa-ƙasa tun muna yara. A makaranta a Jos an sha yi min dariya wai ba na goge baki. Shi ma ruɓewa ne?

Nas_Saratu:
A'a Nanbol, ba ƙazanta ba ce kuma ba ruɓa ba ce. Ruwan ƙasa na wasu wurare, irin Langtang da Kaltungo, yana da sinadarin fuloraid da yawa. Kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa haƙori, shi ya sa ake sa shi a makilin. Idan ya yi yawa a ruwan da yaro yake sha lokacin da haƙoransa ke ƙulluwa a cikin dasashi, sai su fito da fari-fari ko launin ƙasa. Gogewa ba ta fitar da shi, kar ka dirje da gawayi ko toka, ɓawon kawai za ka cinye. Akwai gyaran da ake yi wa na gaba in mutum yana so.

Malama_Rifkatu:
Ni malamar Makarantar Lahadi ce, kuma maganar nan ta sa na yi tunani. Duk Kirsimeti muna ƙulla wa yara alawa da biskit da cingam a leda, su kuma su bi gida-gida yawon barka, ko'ina lemon kwalba. Yaro zai wuni da zaƙi a baki kwana uku, ya kwanta bai goge ba. Bana ina so in ce wa iyaye a sa buroshi ɗaya a kowace leda. Ko lemon ɓawo da gyaɗa a rage alawar. Ban san ko za su yarda ba.

Nas_Saratu:
Malama, Allah ya yi miki albarka. Abin da ke cin haƙori ba yawan zaƙin kaɗai ba ne, yawan maimaitawa ne. Duk sanda sukari ya shiga baki, ƙwayoyin cutar da ke manne a haƙori suna mayar da shi tsami, tsamin ya ci ɓawo. Gara yaro ya sha alawarsa bayan abinci lokaci ɗaya da ya yi ta tsotsa daga safe zuwa dare. Kuma iyaye su sani, wajen shekara 6 akwai turmin dindindin da ke fitowa can baya ba tare da wani ya faɗi ba. Da yawa suna ɗauka na nono ne, za a yi famfara ya fita, sai a bar shi ya ruɓe. Na nono 20 ne, na manya 32, wannan turmin yana cikin na manya. Gogewa sau biyu, minti biyu, na dare ya fi muhimmanci.

Danjuma_Bokkos:
A ƙara da masu buɗe kwalba da haƙori a wurin biki. Abokina ranar 26 ga Disamba ya ɓalle rabin fiƙarsa a kan murfin lemo. Da masu fasa ƙashin watanda don ɓargo.

Dattijo_Mangu:
Ɓargon nan kam da wuya a bari. Amma akwai muciya, akwai taɓarya, a fasa da su.

Ladi_Kagoro:
Mun yi nisa. Maman Rahila ina kike? Kin je?

Maman_Rahila:
Yi haƙuri ƙanwata, yanzu na shigo gida. Na je. Maigida ya kai ni tun ƙarfe bakwai, ana hazo ko gaban mota ba a gani sosai, amma mun tarar da mutum goma sha a gabanmu. An ɗauki hoto. Kamar yadda Nas ta faɗa, kogon ya kai jijiya, yana tsakanin haƙora biyu shi ya sa ban taɓa ganinsa a madubi ba. Likita ta ce za a iya ceton haƙorin, ta yi min allura ta buɗe ta wanke ta sa cikon wucin gadi. Allurar ce kawai na ji. Zan koma sau biyu, kuma rana ta biyun ta faɗa daidai ranar da za a fara taron gunduma. Na ce ko za a ɗaga, ta ce in an ɗaga sai bayan sabuwar shekara, kuma ba ta son cikon nan ya daɗe haka. Ban ba ta amsa ba tukuna. Kuɗin kuma Talatu, kin yi gaskiya, kuɗin ankon auren ne na bayar, ban san yadda zan fuskanci uwar zumuntarmu ba.

Littafin godiyar kaka na kai wa mataimakiyata da yamman nan. Hannunta har rawa yake da ta karɓa.

Uwar_Zumunta_Kafanchan:
Ki je wurin likitarki da safe, ki bi taron da yamma ko washegari. Ranar farko ai isowa ce da rajista da neman wurin shimfiɗa. Zancen anko kuma ki faɗa mata gaskiya kamar yadda kika faɗa mana. In uwa ce za ta gane.

Bitrus_Mai_Jita:
Sannu Mama, Allah ya ƙara sauƙi. Baba Fasto, Baba Ma'aji, maganar kalanda fa tana nan. Yanzu ne ake tsara ta baɗi. Idan aka bari Janairu ya shiga an riga an buga an manna a bango.

Ma'aji_Yohanna:
Ka rubuto abin da kake ganin za a iya matsarwa, da watan da za a kai shi. Amma ka fara shawo kan matasanka, domin bara su ne suka ƙi Agusta, suka ce 'yan jami'a ba sa gida.

Talatu_Zonkwa:
Nas, wannan giɓin nawa, shekara ɗaya ke nan. Har yanzu ana iya sa wani a wurin ko na makara? Kuma mai juna biyu tana iya zuwa a duba ta? Ƙanwata ce, wata biyar, dasashinta yana jini duk sanda ta goge, surukarta ta ce kar ta kuskura ta je sai ta haihu.

Nas_Saratu:
Ba ki makara ba Talatu, sai dai na kusa da giɓin sukan fara karkatowa, gara a duba yanzu. Ƙanwarki kuma ta zo, wata biyar lokaci ne mai kyau, ta dai faɗa musu tana da ciki tun a bakin ƙofa. Jinin dasashi yakan ƙaru da juna biyu, kar ta daina gogewa saboda shi, ta sami buroshi mai laushi. In surukar ba ta yarda ba, ku zo da ita ta ji da kunnenta. Ina aiki har 23 ga wata.